Dan wasa ma ma'aikaci ne, idan ya ji rauni wa zai biya shi diyya?

Jama'a wata magana ce take yawan bata min rai a gidan kallon bal. Da zarar dan wasa ya fadi yana rike gwiwa, an shigo da gadon daukar masu rauni an fita da shi, sai kaji wani daga bayan benci yana cewa ai ba komai, wadannan kudi gare su, ko bai kara taka leda ba shi da jikokinsa sun warke. To wa ya fada maka? Wadanda muke gani a talabijin kullum su ne 'yan tsirarun da suke sama, a kasan su akwai dubbai da suke cin abinci da kafarsu da kafadarsu da bayansu, kwantiragin shekara daya ko biyu, albashin da bai taka kara ya karya ba, kuma ranar da jijiyar gwiwa ta tsinke ranar ce abincin ya kare. Tambayar da ya kamata mu rika yi ita ce, shin wannan bawan Allah zai iya karbar diyyar rauni a wurin aiki kamar yadda leburan kamfani yake karba idan inji ya datse masa yatsa? Amsar ita ce eh, a wurare da yawa yana da wannan hakkin, amma kafin ya kai ga kudin sai ya sha wuya, kuma a Amurka inda rigimar tafi zafi masu kungiyoyi sun dade suna bin majalisun jihohi daya bayan daya don a cire 'yan wasa daga cikin dokar ko a rage musu.

Bari in fara da yadda tsarin yake tukuna domin da yawa daga cikinmu muna jin kalmar diyya ne kawai. A da idan ma'aikaci ya ji ciwo a bakin aiki sai ya kai ubangidansa kotu, kuma sai ya tabbatar wa alkali cewa sakacin ubangidan ne ya jawo, talaka kuwa ina ya ga kudin lauya, yawanci haka suke hakura. Jamus ce ta fara canza abun a 1884 zamanin Bismarck, Ingila ta biyo a 1897, a Amurka kuma jihar Wisconsin ta kafa tata a 1911 sauran jihohi suka bi. Yarjejeniyar mai sauki ce. Mai kamfani zai sayi inshora wa ma'aikatansa, duk wanda ya ji rauni a dalilin aiki za a biya masa kudin asibiti da wani kaso na albashinsa ba tare da an tsaya neman waye mai laifi ba, shi kuma ma'aikacin ya sarayar da damarsa ta maka ubangidansa a kotu ya nemi makudan kudi. A yawancin jihohin Amurka abun da ake biya a mako shi ne kashi 2 cikin 3 na albashi, kuma akwai iyakar da ba a wucewa komai girman albashinka. Wannan iyakar tasa babban tauraro bai damu da kudin makon ba sam, ba su kai kudin man motarsa ba. Abun da yake da daraja a wajen dan wasa shi ne daya bangaren, wato kudin magani da tiyata na wannan raunin har karshen rayuwarsa. A kasar da kwana daya a asibiti zai iya cinye ajiyar mutum ta shekara, wannan ba karamin abu bane.

Wani abun da ya burge ni shi ne tun farkon lamarin an taba yin wannan gardamar an gama ta. A Ingila wani dan kwallo mai suna Walker ya ji rauni yana yi wa Crystal Palace wasa, ya nemi diyya karkashin dokar ma'aikata ta 1906, kulob din yace a'a, wannan ai wasa yake yi ba aiki ba, kuma da gwanintarsa yake amfani ba wanda yake juya shi a cikin fili. Kotun daukaka kara a hukuncin da ya fito a 1910 tace ba haka bane, mutumin da ya sa hannu a takarda zai zo tirenin a kan lokaci, zai bi dokokin kulob, zai bi umarnin kyaftin, ana biyansa a mako, to ma'aikaci ne, ko da kuwa a wajen wasu abun da yake yi nishadi ne. Sama da shekara 100 kenan fa. Amma har yau ana ta dawo da hujjar Crystal Palace din nan da sabuwar riga.

A Amurka babu doka guda ta tarayya a kan wannan, kowace jiha da tata, shi yasa 'yan wasa biyu da suka yi karo da juna a fili daya, suka karye a minti daya, kowa abun da zai samu daban ne. Florida a cikin dokarta karara ta cire kwararrun 'yan wasa daga ma'anar aikin da ake biyan diyya a kansa, har da lissafo su, 'yan dambe, 'yan kokawa, 'yan kwallon kwando, 'yan tanis da sauransu. Texas cewa tayi dan wasa ya zabi daya, ko diyyar jiha ko abun da kwantiraginsa da yarjejeniyar kungiyar 'yan wasa suka tanadar masa, ba zai hada biyu ba. Pennsylvania ta rage wa dan wasan da albashinsa ya haura ninki 8 na matsakaicin albashin jihar. Michigan ma tana da nata shingen. Abun da ya ceci 'yan NFL, wato gasar kwallon Amurka din nan da ake sa hular kwano ana ture-ture, shi ne kungiyarsu ta kwadago, ita ta sa a cikin yarjejeniyarta da masu kulob cewa duk jihar da doka bata tilasta inshorar ba, to dole kulob ya saya da kansa ko ya bada kwatankwacin abun da dokar jihar take ba sauran ma'aikata. Ba don haka ba dan wasan Miami ta jihar Florida da ya karye sai dai ya rungumi kaddara.

Akwai wata hujja da wasu kotuna suka taba karba wadda wallahi duk lokacin da na tuna ta sai raina ya sosu. A 1981 wata kotu a Missouri ta hana Gery Palmer na Kansas City Chiefs diyya, dalilinta wai dokar tana magana ne a kan hatsari, shi kuwa rauni a kwallon Amurka ba hatsari bane tunda kowa ya san za a yi karo, abun da aka sa rai zai faru ne. Kotun Maryland ma ta fadi irin haka a 1983 a shari'ar wani dan wasan Baltimore Colts. Ku duba fa, idan aka bi wannan tunanin to mai walda da wuta ta kona shi ma ba shi da komai tunda ya san da wuta yake aiki. Kenan gwargwadon hatsarin aikinka gwargwadon yadda doka zata yi watsi da kai, alhali don masu aiki mai hatsarin aka yi dokar tun asali.

Sai a 2012 babbar kotun Maryland ta gyara wannan. Tom Tupa dan wasan kungiyar Washington ne, a watan Agustan 2005 yana dumama jiki kafin wasan share fage a filin kulob din da yake Landover a Maryland sai bayansa ya rike, daga nan bai kara buga wasa ba. Kulob din yace kwantiraginsa ya rubuta cewa duk wata maganar diyya a Virginia za a yi ta, inda ofishinsu da filin tirenin suke. Kotu tace ba a sa hannu a sarayar da hakkin da dokar Maryland ta ba ma'aikaci, wannan sharadin ba shi da karfi, sannan ta soke tsohon hukuncin 1983 din tace raunin dan wasa a fili rauni ne na aiki. Shekara 7 mutumin nan yana jira kafin a fada masa abun da kowa ya gani da idonsa.

Amma babban fagen daga California ce. Jihar tana cikin 'yan kalilan da suka yarda da raunin da yake taruwa a hankali, wato ba sai ka nuna rana kaza minti kaza aka karya ni ba, ya isa likita ya tabbatar cewa shekarun da ka yi ana bugunka ne suka cinye maka gwiwa ko wuya ko kwakwalwa. Sannan a dokarta idan ubangida bai sanar da ma'aikaci hakkinsa na neman diyya ba, wa'adin shigar da kara baya fara kirguwa, kulob-kulob din kuwa da yawa basu sanar ba. Saboda haka tsofaffin 'yan wasa daga ko'ina a Amurka, wadanda suka yi ritaya shekara 20 ko 30 baya, suka rika zuwa California suna shigar da bukata a kan cewa sun taba buga wasanni a can, dubbai suka yi haka. Masu gasar suka tashi haikan, NFL da na kwallon kwando da na besbol da na hoki duk suka hada kai, suka ce ana cutarsu, ya za a yi wanda ya yi rayuwarsa a Denver ko Dallas ya zo nan neman kudi. A watan Oktoban 2013 gwamna Jerry Brown ya sa hannu a dokar da ake kira AB 1309. Tun daga nan dan wasan kulob din wata jiha ba zai kawo maganar raunin da ya taru California ba sai in ya yi kaso mai tsoka na kwanakin aikinsa a can, kashi 20 cikin 100 aka yanka, kuma ko wanda ya yi wa kulob din California wasa kaka 2 ko fiye, idan ya yi kaka 7 ko sama da haka a kulob din wasu jihohi zai iya rasa damar.

Ni dai a ganina an zalunci mutanen nan. Na farko kudin ba daga aljihun talakan California yake fita ba, kulob ne da kamfanin inshorarsa suke biya. Na biyu, ita jihar tana karbar haraji daga albashin duk dan wasan da ya zo bakunta ya buga wasa a cikinta, kwana nawa ka yi a nan, kawo kason mu. To a ranar karbar haraji aiki yake yi a California, a ranar da ya zo da ciwo kuma sai a ce bako ne? Na uku kuma wanda yafi komai, ba don son banza suke tafiya can ba, don jihohinsu basu san da irin wannan raunin bane ko kuma wa'adi ya wuce tun kafin ciwon ya bayyana. Dauki Bruce Matthews, kaka 19 ya yi yana tsaye a layin gaba inda ake gwabza karo, a Houston Oilers da ta koma Tennessee Titans, ya nemi diyya a California, a 2012 kotun daukaka kara ta tarayya ta ki goyon bayansa saboda bai nuna takamaiman raunin da ya ji a cikin jihar ba. Mutumin da ya yi shekara 19 ana dukansa ta ya zai ware maka wane bugun ne na wace jiha?

Maganar ciwon da baya bayyana da wuri ita ce zuciyar lamarin, kuma dan Najeriya ne ya bude idon duniya a kai. Dokta Bennet Omalu, likitan binciken gawa a Pittsburgh, shi ya duba kwakwalwar Mike Webster tsohon dan wasan Steelers da ya rasu a 2002 yana da shekara 50 bayan ya yi fama da mantuwa da rudewa har ya kai yana kwana a mota. A 2005 ya wallafa abun da ya gano, cutar da ake kira CTE, lalacewar kwakwalwa saboda yawan buguwa a ka. Da farko likitocin da suke tare da NFL suka nemi a janye rubutun nasa. Daga baya dubban tsofaffin 'yan wasa suka kai NFL kara, a 2013 aka sanar da sulhu na dala miliyan 765, alkaliya ta ga kudin ba zasu isa ba aka cire iyakar. Abun lura shi ne cutar bata nuna kanta lokacin da yaro yake da shekara 25 yana tashe, sai ya kai 45 ko 50 matarsa ta fara lura yana manta hanyar gida, yana fada ba dalili. A lokacin inshorar lafiyar da NFL take ci gaba da ba dan wasa bayan ritaya, ta shekara 5 ce kuma ga wanda ya cika kaka 3, ta dade da karewa. Kungiyar 'yan wasan ta sha fada cewa matsakaicin zaman dan wasa a gasar shekara 3 ne da 'yan watanni, kaga kenan da yawa ko wannan shekara 5 din ma basa kaiwa gare ta.

Kuma kwantiragin NFL ba irin na Firimiya bane da za a ce an sa hannu shekara 4 dole a biya ka shekara 4. Yawancin kudin da ake shelantawa ba tabbatattu bane, kulob zai iya sallamarka. Duk wanda ya ga abun da ya faru da Damar Hamlin ranar 2 ga Janairun 2023 zai tuna, yaron Buffalo Bills da zuciyarsa ta tsaya a tsakiyar fili a Cincinnati bayan ya yi karo, aka yi ta danna masa kirji a gaban duniya. A kakarsa ta 2 yake, an dauke shi ne a zagaye na 6 na zaben sabbin 'yan wasa, wato ba ya cikin manyan da ake rububi, kuma kwantiraginsa irin wanda albashi yake raguwa ne idan an sa ka a jerin masu jinya. An yi yarjejeniya aka biya shi cikakke, Allah kuma ya tashi kafadarsa har ya dawo wasa. Amma shi duniya ce ta gani. Wanda ya fadi a filin tirenin ranar Talata ba kyamara fa?

A Illinois a 2017 aka kawo wani kudiri da kulob-kulob din Chicago suka mara wa baya. A dokar jihar idan rauni yasa ka koma aikin da bai kai na da albashi ba ana cike maka wani kaso na gibin har ka kai shekara 67. Su kuma suka ce ai dan wasa baya wuce 35 yana wasa, don haka shi a tsayar masa a 35. Shugaban kungiyar 'yan wasan NFL na lokacin DeMaurice Smith ya fito yace zai gaya wa 'yan wasa kar su sa hannu da Chicago Bears idan aka yi haka. Kudirin bai zama doka ba a lokacin. Hujjar tasu tana da dan kamshin gaskiya a sama, amma gurguwar kafa bata warkewa don mutum ya cika 35, wanda aka dasa wa karfe a baya ba zai iya aikin gini ko tukin babbar mota ko tsayuwar awa 8 a shago ba, raunin yana bin sa cikin duk sana'ar da zai koma.

Kar kuma a dauka dokar gata ce zalla ga dan wasa, tana kare masu kulob din ma sosai. Korey Stringer na Minnesota Vikings zafi ne ya buge shi a sansanin tirenin ya rasu ranar 1 ga Agustan 2001 yana da shekara 27. Matarsa ta kai kara tana zargin sakaci, shari'a ta kai har kotun kolin Minnesota, a 2005 aka yanke cewa dokar diyyar ma'aikata ta rufe kofar karar da ta shigar a kan ma'aikatan kulob din. Wato idan iyali suka zo neman babban hakki sai a ce musu ai ma'aikaci ne, ku je ku karbi diyyar ma'aikata. Idan kuma tsohon dan wasa ya zo neman diyyar ma'aikatan sai a ruga majalisa a ce ai wadannan ba kamar sauran ma'aikata bane. Wannan cin tudu biyun ne yafi bani haushi a duk lamarin.

Sannan ga wadanda ma ba a yarda ma'aikata bane kwata-kwata. 'Yan damben boksin, 'yan fadan UFC, 'yan kokawar WWE, 'yan tanis, duk ana daukarsu 'yan kwangila masu zaman kansu, ba su da ubangidan da zai saya musu wannan inshorar. Magomed Abdusalamov dan Rasha ya yi dambe a Madison Square Garden a Nuwamban 2013, jini ya taru masa a kwakwalwa, ya nakasa har abada, sai da iyalinsa suka yi shari'a da jihar New York kafin a 2017 a sasanta a kan dala miliyan 22. Mahaya dokin sukuwa ma haka, jihohi kadan ne irin New York da California suka sa su a tsarin. Gary Birzer ya fado daga doki a West Virginia a 2004 rabin jikinsa ya shanye, sai a lokacin ya gano inshorar da yake zaton kungiyarsu ta mahaya tana rike da ita ta dade da yankewa.

Na daliban jami'a kuwa yafi ban tausayi, domin wasannin jami'o'i a Amurka kasuwa ce ta biliyoyin daloli. A 1955 Ray Dennison ya rasu sakamakon bugun da ya sha a ka yana yi wa kwalejin Fort Lewis a Colorado wasa, matarsa ta nemi diyya, kotun kolin jihar ta hana ta. A wannan zamanin ne hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, karkashin shugabanta Walter Byers, ta dage a rika kiran yaran dalibai masu wasa, don kar wata kotu ta kalle su a matsayin ma'aikata, kuma shi da kansa ya amsa haka bayan ya bar kujerar. Kent Waldrep na jami'ar TCU ya karye a wuya a wasa da Alabama a 1974, ya kare rayuwarsa a keken guragu. A 1993 hukumar diyya ta Texas ta yanke a rika ba shi dala 70 a mako da kudin magani, kamfanin inshora ya daukaka kara, a 2000 kotu ta tabbatar cewa shi ba ma'aikaci bane. Dala 70 fa jama'a. Yanzu tun 2025 an yarda jami'o'i su rika biyan 'yan wasan kudi kai tsaye, amma har yanzu ana kaucewa kiran su ma'aikata.

A Turai abun ya dan fi sauki, a Jamus kwararren dan wasa yana cikin inshorar hatsarin aiki ta doka kamar kowa, Italiya ma ta shigar da su tun 2000. Ostireliya kuwa akasin haka, yawancin jihohinta sun cire 'yan wasa tun shekarun 1970. FIFA tana da wani shiri tun 2012 da take biyan har yuro miliyan 7.5 idan dan wasa ya ji rauni a wasan kasa, amma kulob ake biya don ya rage asarar albashi, ba dan wasan ba.

To mu nan gida fa? Da yawa basu san muna da doka a kan wannan ba, kuma a takarda mai kyau ce. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 wadda shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu, hukumar inshorar ma'aikata ta kasa, NSITF, ce take gudanar da asusun. Ta shafi duk mai daukar ma'aikata, gwamnati ko mai zaman kansa, sojoji kawai aka ware, babu inda ta cire dan kwallo kamar yadda Florida tayi. Ubangida ne zai rika zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, kuma haramun ne ya cire shi daga albashin ma'aikaci ko ya sa shi ya sa hannu ya yafe. Wanda ya nakasa gaba daya doka tace a rika biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, wanda ya rasu kuma akwai kason iyalinsa. Yawancin kulob din gasar Najeriya na gwamnatocin jihohi ne, dan wasan yana da kwantiragi, yana da albashi, yana da koci mai ba shi umarni, duk abun da kotun Ingila ta duba a 1910 yana nan.

Kuma hatsarin ba a fili kadai yake ba. A watan Maris na 2015 'yan bindiga suka bude wa motar Kano Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja suna tafiya Owerri wasa, 'yan wasa 5 suka ji rauni. Wannan tafiyar aiki ce, ba yawon shakatawa suka fita ba. Ranar 8 ga Maris 2020 Chineme Martins na Nasarawa United ya yanke jiki ya fadi a filin Lafia ana wasa da Katsina United, motar asibitin da take filin ta ki tashi, yaron ya rasu. Irin wadannan idan sun faru abun da muka saba gani shi ne ta'aziyya, sai wani babba ya bada gudummawa a dauki hoto, idan kuma jinya ce sai kaga an sa hoton tsohon dan wasa a Facebook da lambar akawun ana cewa a taimaka fisabilillahi. Allah ya saka wa masu taimakon da alheri, amma sadaka daban hakki daban, mutumin da ya karye yana yi wa jiha aiki bai kamata ya koma roko ba.

Saboda haka kannena masu buga wasa a kulob, da iyaye da yayyen da suke raka su sa hannu, kafin ku tambayi kudin sayin hannu ku tambaya ko kulob din ya yi muku rajista da NSITF, kuma wace inshora aka saya muku, a nuna muku takarda. Ku rike kwafin kwantiraginku a gida kar ku bar shi a ofishin sakatare. Idan rauni ya faru, ko a tirenin ne ko a mota, doka ta ba ku kwana 14 ku sanar da kulob, ku yi shi a rubuce ko da koci yana tsaye a wajen lokacin da kuka fadi, shi kuma kulob yana da kwana 7 ya kai rahoto hukumar. Ku je asibiti a dauki hoton kashin a rubuta rahoto ko da daga baya wajen mai dori zaku karasa, domin mai dori baya bada takardar da hukuma zata karba. Bukatar diyyar kanta cikin shekara 1 ake shigar da ita, idan kuma aka hana ku akwai damar daukaka kara har zuwa kotun ma'aikata ta kasa.